Injin CNC ɗinka baya yanka daidai? Tambayoyin da aka fi yi min da amsoshinsu

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Tunda ƙananan injinan CNC, masu sassaƙa da umarnin kwamfuta, suka yi araha yaranmu da yawa a Jiddah da Makka sun siya, wani yana sassaƙa sunaye a katako, wani lauha ta akrilik, wani irin adon rawashin ɗin tsoffin gidajen Balad yake kwaikwaya. To kusan tambayoyi iri ɗaya ake ta maimaita min, shi yasa na haɗa su waje guda. Mafi yawan bayanin akan injinan da suke aiki da GRBL ne, manhajar dake cikin allon injin, irin ƙaramar nan 3018 da manyan yayyenta masu bel, amma mai Mach3 ma zai ƙaru.

Tambaya: Yaya, na zana abu 100mm ya fito 99 da wani abu. Wace lamba zan canza?

Kar ka canza komai tukuna dan Allah. Wannan saurin shiga saiti shi ne yake ƙara dagula lamarin, mutum ya taɓa lamba biyar a dare ɗaya, da safe bai ma san daga inda ya taso ba. Ka buga $$ a Candle ko UGS, manhajojin da ake tura wa inji umarni da su, duk saitinka zai fito, ka kwafe ka ajiye a waya. Kalas, yanzu kana da wurin komawa.

Sannan ka yanka gwaji biyu a ragowar allon MDF, ƙarami 50mm da babba 400mm ko iya abinda teburinka zai ɗauka, ka auna. Kuskuren da kansa zai gaya maka gidansu. In ƙaramin ya gaza da 0.25 babban ya gaza da 2, yani kuskuren yana girma tare da tsawo, wannan lissafin taku ne na moto, kuma shi kaɗai ne ake gyarawa da lamba. In ƙarami da babba duk sun gaza da abu ɗaya, misali 0.2 da 0.2, to ba ruwan saiti, ka nemi matsalar a bit, wato ƙarfen yankan, ko lako-lako ko lanƙwasa. In kuwa yau daidai gobe ba daidai ba, ko farkon aiki lafiya ƙarshensa ya goce, to moto ne yake zubar da taku ko wani abu yana zamewa. Kusan duk sauran tambayoyin nan ƙarƙashin ɗaya daga ukun nan suke faɗawa.

Tambaya: Tayyib, na tabbatar yana girma da tsawo. Ya ake gyarawa?

$100 na X ne, $101 na Y, $102 na Z, kuma ma'anarsu taku nawa moto zai yi kafin inji ya matsa milimita ɗaya. Kafin ka auna komai fara lissafa abinda ya kamata ya zama a takarda. Moton sitefa na yau da kullum taku 200 yake yi a zagaye ɗaya, in diraiba, ɗan allon dake tuƙa moton, tana kan 1/16, wato tana raba kowane taku gida 16, ya zama 3200 kenan. Bel GT2 tsakanin haƙori da haƙori 2mm ne, fuli mai haƙori 20 zai ja 40mm a zagaye, 3200 raba 40 ya baka 80. In sukurun T8 ne mai tafiyar 8mm a zagaye 400 zaka samu, mai 4mm irin na yawancin 3018 kuma 800. Mai sukurun SFU1605 tafiyarsa 5mm ce, akan 1/8 zai baka 320. In kaga abin ya fito rabi cif ko ninki biyu cif to kar ka wahalar da kanka da awo, jamfa ko ƙananan makunnan dake jikin diraiba ne ba'a sa daidai ba.

In lissafin takarda ya yi daidai amma akwai ɗan saura, sai a zo awo. Ka sa bit mai tsini, V ɗin nan, ka shimfiɗa rula ta ƙarfe akan tebur, ba tef ɗin tela ba kuma ba tef ɗin da bakinsa yake rawa ba. Ka fara matsar da injin kaɗan zuwa ɓangaren da zaka tafi saboda lako-lako ya fita daga lissafi, ka saita tsinin akan layi, sai ka bashi umarni ya tafi 500mm. A ce ya tsaya a 497.5 kuma lambarka 80 ce. Tsohuwar lamba sau abinda ka umarta, raba abinda ya tafi: 80 sau 500 raba 497.5, ya bada 80.402. Ka rubuta $100=80.402, ka sake gwadawa.

Abinda nake roƙo shi ne ayi awon da tsawo sosai kuma ba tare da ana yanka ba. Akwai wani ƙanena a Makka da ya yanka ɗan murabba'i 20mm ya samu 19.8, ya ɗauka ya gyara $100 da shi, murabba'in ya dawo 20 cif yana ta murna, washegari ya yanka ƙofar kabad 500mm ta fito 505. Asalin 0.2 ɗin nan na bit ne, shi kuma ya mayar da shi kashi ɗaya cikin ɗari ya raba wa injin gaba ɗaya.

Tambaya: Abinda na yanko yana fin girma, rami kuma yana ƙanƙancewa, haɗin baya shiga sai da guduma.

Wannan alamar a fili take, bit ɗinka baya cin faɗin da manhaja take zato. Ka ce mata 6mm, shi kuwa 5.9 yake ci, to waje zai fito 100.1 rami 99.9, haɗin ya matse da 0.2. Bit masu araha da ake siyowa goma a leda ba kasafai suke cika abinda aka rubuta musu ba. Ka yanka layi ɗaya miƙaƙƙe, wucewa ɗaya, ka auna faɗinsa da kalifa, wannan lambar zaka sa a Aspire ko ArtCAM ko Fusion 360 ko ma me kake amfani da shi.

Akwai kuma rikicin inci da milimita. 1/4 inci 6.35 ne ba 6 ba, 1/8 kuma 3.175 ne ba 3 ba, kuma a sana'iyya duka biyun suna nan a aljihun tebur ɗaya, mai shago zai miƙo maka ya ce sitta mili kawai. In ka sa 6.35 ka ce wa manhaja 6 abin zai juye, waje ya ragu rami ya ƙaru. Kolet, wato bakin dake riƙe bit, ma haka, kar ka cusa bit 6mm a kolet na 6.35 wai ai zai kama in an ɗaure, zai kama karkace kuma wata rana zai zame.

In faɗin bit daidai ne to lanƙwasa ce. Bit yana lanƙwashewa in ya sha nauyi, har gadar injin, wadda take ɗauke da kan yankan, ma tana bada kai, musamman ƙananan nan masu jikin roba. Kuma tsawon da ka bari a waje ba ƙaramin abu bane, in ka ninka tsawon lanƙwasar sau takwas take ƙaruwa, don haka ka tura shi ciki iya yadda aikin zai bari, amma kar kolet ya kama wajen kaifin. Maganin da nafi yarda da shi: ka bar 0.3mm a jikin bango a yankan farko, sai ka dawo ka share shi a wucewa ta ƙarshe, lokacin babu nauyi a kan bit. Yana ƙara minti kaɗan amma haɗi zai shiga da tafin hannu.

Af, kuma kusurwar ciki bata taɓa fita da kaifi tunda bit zagayayye ne. Wani lokacin awon duk daidai ne, kusurwar ce kawai ta tokare, sai ka sa ɗan hudar nan ta kusurwa da manhajojin suke da ita ko ka gyara da kurfi.

Tambaya: Da'ira tana fito min kamar ƙwai, ko da ɗan tudu a gefe huɗu.

Duba ta ina ta miƙe. In ta miƙe ta X ko ta Y sak, kuma babbar da'ira tafi ƙarama lalacewa, koma tambaya ta biyu. In akwai ɗan tudu ko ɗan fili a sama da ƙasa da dama da hagu, daidai inda inji yake juya akala, wannan lako-lako ne, baklash. In kuma ta miƙe ta kusurwa to gada ce ta karkace, tana zuwa a ƙasa.

Gwajin lako-lako da agogon awo ake yi, mai allurar nan da yake nuna 0.01, baya da tsada kuma wlh duk mai CNC ya kamata ya mallake shi kafin ya siyo wani sabon bit. Ka matso da inji ta gefe ɗaya har ya danna agogon, ka mayar sifili, ka ƙara gaba 3mm, ka dawo 3mm. Abinda allura ta kasa dawowa shi ne lako-lakonka. In baka da agogon to kunna injin moto su riƙe, ka kama sifindil, moton dake juya bit, da hannu ka girgiza shi gaba da baya, in kaji ƙwas-ƙwas ka bi sautin da yatsa har ka samo shi.

Wanda yafi kowa laifi shi ne ɗan ƙaramin sukurun nan dake riƙe fuli ko kofilin a jikin sandar moto. Sandar tana da gefe guda mai faɗi, dole sukuru ɗaya ya zauna a kansa. Ka ja layi da maka daga sandar zuwa fulin, kayi aiki, in layin ya rabu ka kama ɓarawo. Ka ɗaure da alanki ka ɗiga masa ruwan kulle sukuru mai shuɗi, banda ja, jan baya kwantuwa sai da wuta. Bayan shi sai bel da ya saki, sai tayoyin V da suka ci ko notinsu na saiti ya kwance, sai notin tagulla na T8 da ya cinye. Tayar V daidai ita ce wadda zaka iya juya ta da yatsa da ɗan ƙarfi alhali inji na tsaye, in tana juyawa fayau ta saki, in ta ƙi sam ka matse da yawa.

Masu tambayar inda ake sa baklash a GRBL 1.1, babu wajen. Mach3 da LinuxCNC suna da shi, amma ni ko a can bana son a fara da shi, yana gyara awo a iska ne kawai, da bit ya kama katako zai ja injin cikin wannan ramin dai.

Tambaya: Gefe huɗun duk daidai suke amma sukwaya bata zama.

X da Y ɗinka basu haɗu a digiri 90 ba. Ka sa V bit ya ɗiga maki huɗu a kusurwoyin 600 da 600, ka auna daga kusurwa zuwa kusurwa, duka biyun ya kamata su bada kusan 848.5. Ƙaramin tebur kuma kayi 300 da 400, tsakaninsu 500. Masu moto biyu a Y sunfi fama da wannan don duk sanda aka kashe inji aka ture gadar da hannu gefe ɗaya zai riga ɗaya. Ka kafa katako biyu a ƙarshen layin dogo waɗanda ka tabbatar sun daidaita, kafin ka kunna ka jawo gadar a hankali ta jingina da su, sannan ka bada wuta. Ka sa $1=255 moto su ci gaba da riƙewa ko inji na tsaye. FluidNC da grblHAL, manhajojin allo irin GRBL, suna iya daidaita gadar da kansu in ka sa makunni a kowane gefe.

Tambaya: Malam aiki yana tafiya lafiya, bayan awa guda sai kawai ya goce gefe ya lalata min allo. Aljanu ne?

Ba aljanu bane, zafi ne galibi, kuma mu nan Hijaz wannan tamu ce. Moton sitefa baya da ido, in aka ce yayi taku dubu ya yi ɗari tara da casa'in allon kwamfuta bai sani ba, zai ci gaba da aiki a sabon wurin da ya goce kamar ba abinda ya faru. Ƙananan diraibobin nan A4988 da DRV8825 suna kashe kansu na ɗan lokaci idan zafi ya kai musu, su huce su dawo, a wannan ɗan tsakanin taku ya zube. Yanzu ka duba inda yawancinmu muke ajiye injin, ɗaki a saman sutuh ko mustauda, wato sito, mai rufin kwano ba mukayyif mai sanyaya ɗaki, a watan Yuli da Agusta da waje ma ya haura 40, akwatin allon a rufe, garin MDF ya toshe ɗan fankan dake ciki. Shi yasa zaka ga mutum yana cewa da asuba lafiya lau, bayan azahar ne take tashi.

Ka buɗe akwatin ka hure ƙurar, ka tabbatar ƙarfen sanyaya yana manne akan kowace diraiba, ka sa fanka yana busa su kai tsaye. Ka duba wutar da diraiba take ba moto, akan DRV8825 na yau da kullum abinda mita ta nuna a ɗan sukurun saiti sau biyu shi ne amfiya, yani 0.6 ya zama 1.2A, ka gwada da abinda aka rubuta a jikin motonka kar ka wuce. Tayi ƙasa moto ba ƙarfi, tayi sama zafi. Moto yayi ɗumi sosai ba komai bane, amma in baka iya ɗora yatsa ko na daƙiƙa biyu ka rage, balle in mazauninsa na roba ne, zai yi laushi bel ya saki.

In ba zafi bane to gudu ne. $110 zuwa $112 iyakar gudu, $120 zuwa $122 yadda yake figa. Ka raba na figar biyu ka gwada, sau da yawa shikenan. Z ce tafi zubar da taku lokacin da take ɗaga sifindil mai nauyi da sauri, sai kaga aiki yana ta ƙara zurfi har ya huda tebur. Sai bit da ya dakushe, sai cin da yayi yawa, sai tiyon injin shan ƙura da yake jan gada in ta kai ƙarshe, sai wayar moto da ta karye a ciki saboda lanƙwasa kullum, daga waje lafiya. Kuma kar ka cire wayar moto inji na kunne, diraiba zata ƙone nan take.

Don ka san ko takun ne ya zube, kafin aiki ka huda ɗan rami a sifili, bayan aiki ka ce ya koma X0 Y0. In ya koma ramin daidai amma aikin ya goce, allon ne ya motsa, ka gyara ɗauri.

Tambaya: Gefe ɗaya ya huda, ɗaya gefen da saura.

Teburin bai yi daidai da tafiyar injin ba. Ka ɗaura MDF na sadaukarwa, ka sa bit mai faɗi ya share fuskarsa gaba ɗaya, 0.5mm ya isa, ka fara zazzana fensir ko'ina don ka ga inda bai taɓa ba. A Jiddah sai ka riƙa maimaitawa saboda raɓar teku, MDF yana shan danshi ya kumbura, musamman ɗakin da ake kunna mukayyif da rana a kashe da dare. Allon da aka ce maka 18mm ma ka auna shi, ba lallai ya cika ba. In hudawa zakayi ka ɗauki sifilin Z daga tebur maimakon saman allo. Mai amfani da farantin taɓawa ya auna kaurinsa da kalifa ya sa ainihin lambar.

Tambaya: Ƙasan rami yana fita da layi-layi da farce yake kamawa.

Sifindil ya ɗan kwanta. Ka lanƙwasa waya mai kauri ka sa a kolet, inji a kashe, ka juya da hannu ka ga ta ina bakin yake taɓa tebur ta ina yake tashi. Ka sassauta mazaunin ka cusa yankan gwangwanin lemo a bayan gefen da yake buƙata. Bayan nan ka sake share tebur.

Tambaya: Rubutun ya fito a juye, wani kuma ya fito ɗan mitsitsi.

Na juye, moto ɗaya yana tafiya baya, $3 ake gyarawa. Da adon da gefensa biyu iri ɗaya ne baza ka lura ba, sai ranar da ka sassaƙa Bismillah ta fito ta hagu. Na mitsitsi ko ƙato kuma ka raba ka gani, in 25.4 ne to inci da milimita ne suka haɗu, G20 inci G21 milimita, ka duba farkon fayil ɗin da abinda ka zaɓa wajen fitar da shi.

Tambaya: Akrilik yana narkewa yana manne wa bit, kuma lauhar da na auna daidai ta ƙi shiga firam a wajen zabun.

Narkewa na nufin bit yana gogawa ne baya yanka. Mutane in sun tsorata sai su rage tafiya, alhali hakan ne yake ƙara zafin. Lissafin shi ne tafiya raba abinda juyi sau yawan kaifi ya bada, 1800mm a minti akan juyi 18,000 da kaifi biyu ya baka 0.05mm kowane kaifi. Ka koma bit mai kaifi ɗaya, ka rage juyi, rautar Makita ƙaramar nan daga 10,000 take farawa zuwa 30,000 kuma ba dole ka kaita ƙarshe ba. Abinda ya kamata ya fito ɓarɓashi ne kamar na yanka, in gari ne ko zare mai danƙo ba daidai ba. Akrilik na zubi yafi na matsi daɗin yanka nesa ba kusa ba, ka tambaya kafin ka siya.

Maganar firam kuma injinka baida laifi. Akrilik yana miƙewa kusan 0.07mm a kowace mita in zafi ya ƙaru da digiri ɗaya. Ka yanka a ɗaki mai sanyi 24, aka kafa a bango da rana ta kai shi 44, mita ɗaya ta ƙaru da wajen 1.4mm. Alminiyam ɗin firam ɗin kusan kashi ɗaya cikin uku na haka yake miƙewa. Ka bar masa wurin numfashi, ramukan sukuru ma ka buɗa su kaɗan.

Tambaya: Da na kunna sifindil sai USB ya yanke ko ya jefo ALARM.

Hayaniyar wuta ce, VFD, akwatin dake sarrafa juyin sifindil, ya fi kowa. Ka raba wayar sifindil da ta makunnan iyaka kar su bi hanya ɗaya, ka sa waya mai rigar ƙarfe, USB gajere mai ƙullin nan a jiki, kuma jikin injin ya samu as, wato wayar ƙasa, na gaske, tsoffin gidaje da yawa ramin ukun soket ɗin ado ne kawai. Tiyon shan ƙura ma yana tara wuta ya harba. Kuma a tsoffin gine-ginen Jiddah da Makka har yanzu ana samun 127 da 220 a gida ɗaya, ka auna soket da mita, ka duba ɗan makunnin 110/220 dake gefen akwatin wutar injin kafin ka jona. Wutar Saudiyya 60Hz ce, sitefa da sifindil mai VFD ba ruwansu da wannan, amma famfon ruwa ko injin ƙura da aka yi don 50Hz zai fi gudu kuma zai iya ɗaukar zafi.

Tambaya: Na ga na hannu a haraj, kasuwar kayan hannu, in siya?

In zaka je ka tafi da agogon awo da alanki da ragowar MDF. Ka tura kowane layi da hannu daga farko zuwa ƙarshe inji a kashe, a hankali, ka ji ko akwai inda yake cijewa. Ka duba tsatsa a sandunan, kayan da suka kwana biyu a mustauda kusa da teku basa rasa ta. Ka ɗora agogon a cikin bakin sifindil ka juya da hannu, in allura tana yawo da yawa ko kaji ƙara a boris to ka cire kuɗin sabon sifindil daga farashin. Bel da taya da noti duk masu sauƙi ne ana canzawa, gada da ta lanƙwashe ko firam da ya murɗe kuwa ka barshi a wurin. In mai shi ya yarda a kunna, ka yanka da'ira 50mm da murabba'i 100mm a gabansa ka auna, sannan ku fara maganar riyal.